Kwarjinin Hajja Mai Turare

A layinmu na Mafoni akwai wata dattijuwa mai haɗa turaren wuta. Hajja kowa yake kiranta, yaro da babba, har tsofaffin da suka girme ta. Ni a layin aka haife ni, a nan kuma na yi aure. Mahaifina mutumin Kano ne, fataucin fata ya kawo shi Maiduguri ya zauna, don haka na tashi da Hausa a cikin gida, Kanuri a bakin ƙofa. Tun ina ƙarama nake ganin Hajja, kuma na daɗe ina kallonta ina neman dalilin da ya sa mutane suke bin maganarta.

Ba doguwa ba ce, ba ta kuma da jiki. Hayaƙin garwashi ya dushe mata murya tun da daɗewa. Ba ta yi boko ba, karatun allon ma da bakinta take cewa bai wuce abin sallah ba. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta na ƙanana, abin da ta mallaka bai wuce gidan da take ciki, da kwalaben humra, da wata 'yar gona a Dusuman da babban ɗanta yake nomawa ba. Hausarta irin ta tsofaffin garin nan ce, namiji da mace duk ɗaya. Sai ta dube ni a gaban maigidana ta ce, "Wannan yarinya ya rame, mijinta ba ta ba shi abinci ne?" Da wani ne ya faɗi haka da dariya za a yi. Ita idan ta faɗa, sai ka ji maigidan nawa yana sosa ƙeya yana bayani.

Na taɓa ganin mata biyu sun kaure da faɗa a bakin famfon unguwa saboda layin jarka. An kai ga cire ɗankwali. Hajja ta zo wucewa da lafayarta ruwan toka, ba ta tambayi wa ya fara ba, ba ta ce a bari ba. Tsayawa ta yi ta ce ƙishirwa take ji. Su biyun suka rabu, kowacce ta ruga neman kofi. Ta sha na ɗaya, ta kurkure baki da na ɗayar, ta tambayi lafiyar surukar wannan da yayen ɗan waccan, ta yi gaba. Bayan tafiyarta babu wadda ta iya komawa inda ta tsaya da zagi.

Na gwada irin wannan sau ɗaya a wajen suna, da aka fara cacar baki kan rabon abinci. Na tsaya yadda take tsayawa, na sassauta murya yadda take yi. Ko waiwayowa ba a yi ba. Tun daga ranar na daina tunanin dabara ce da ake koya.

Shekarar da ruwa ya ci gari ce ta sa na ga abin sosai, da kyaunsa da kuma abin da yake jawowa.

Gari ya waye mana da ruwa a tsakar gida har idon sawu, ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Kafin hantsi ya kai ƙauri. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai gare shi. Ni kan keken ɗinkina na cire na ɗora a ka, don shi ne sana'ata, maigida ya ɗauki yaran. A ƙarshen layinmu akwai wata makarantar firamare da aka ɗaga ginin azuzuwanta kan dakali mai tsayi. Can kowa ya nufa, ba don an yi shawara ba, sai don nan ne busasshen wuri mafi kusa.

Abin da na tarar a makarantar ba shi da kai. Katifu a jiƙe, awaki a cikin aji, yara na kuka, maza na ta ihu a waya kowa na ba da labarin da ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Bulamanmu, wato mai unguwa, ruwan ya rutsa da shi a wajen 'yan'uwansa a Shehuri, ba hanyar dawowa. Limamin layi tsoho ne tukuf, yana zaune kan benci yana jan carbi. Wasu maza biyu har sun fara hayaniya a kan wane iyali ne zai shiga ajin da ya fi girma.

Hajja ce kusan ta ƙarshen zuwa. Ta ratso ruwan da wata babbar tukunya a ka. Ba ta ɗauko turare ko ɗaya ba. Ta sauke tukunyar a baranda, ta sa samari suka kakkafa bulo aka yi murhu, ta ce a karya benci guda da ya riga ya lalace a hura wuta. Sannan ta juya ta ce, "Duk mai shinkafa, mai wake, mai gero, ya kawo nan. Yau babu tukunyar kowa."

Aka kawo. Na ga wata mata da ko gishiri ba ta bayarwa aro ta kwance bakin buhunta da kanta. Hajja ta raba azuzuwa: masu jego da tsofaffi nan, mata da yara can, maza baranda, awaki bayan gini. Mazan nan biyu masu hayaniya ta ba su aikin ɗebo ruwan sha daga tankin makarantar, suka tafi tare da bokiti. Kafin la'asar kowa ya ci abinci mai zafi. Kukan yara ya ragu. Har aka fara hira.

Akwai wani matashi da ke haya a layinmu, malamin sakandare ne, mutumin kudancin Borno, bai daɗe da tarewa ba. Siriri ne, mai ladabi, yana ɗan i'ina idan mutane suka zuba masa ido. Matarsa na cikin masu jego. Tun da muka iso na lura yana yawan sauka matakalar dakalin yana zana layi a jikin bango da gawayi, ya koma, can ya dawo ya sake dubawa. Bayan sallar la'asar ya miƙe a gaban maza ya nemi a saurare shi.

Ya ce duk layin da ya zana ruwa ya shanye shi, kuma saurin hawan ƙaruwa yake yi. Ya ce makarantar nan dakalinta ne kawai mai tsayi, amma filin da take kai kwari ne, duk ruwan unguwa nan zai taru. Ya ce ya yi waya da abokin aikinsa da ke bakin kogi, an gaya masa ruwan da ke tafe ya fi wanda ya riga ya iso yawa. Shawararsa ita ce a tashi yanzu, tun ruwan titi bai wuce gwiwa ba, tun keken haya na iya zuwa bakin babban titi ya kwashi tsofaffi. Ya ambaci wata makaranta mai bene da ke kan tudu, yamma da mu.

Maganar ta ɗauke shi lokaci saboda i'inar. Da ya gama, mazan suka juya suka dubi inda Hajja take zaune tana kankare tukunya.

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ɗana, wancan karon da ruwa ya zo, ba a haife ka ba. A nan wurin muka zauna, da goyo a bayana. Bai hau dakalin nan ba. Yanzu rana ta yi sanyi, ina za ka kai tsofaffi da jarirai? A zauna."

Shi ke nan. Wani ya ce, "Malam, bokon nan dai," aka yi dariya. Malamin ya tsaya kaɗan, sannan ya shiga ajin masu jego ya ce wa matarsa ta shirya su kaɗai su tafi. Ina kusa, na ji amsarta. Ta ce, "Hajja ta ce a zauna." Ya dube ta, ya dubi jaririn, ya fita ya zauna a baranda. Iyalai ƙalilan ne suka tafi a yammacin, yawancinsu waɗanda ba 'yan layin ba. Mu muka zauna. Maigidana ya ce mini a ganinsa yaron nan yana da gaskiya, amma bai ɗauki ko takalminsa ba.

Da asuba ruwa ya hau dakali ya shiga azuzuwa. Kafin gari ya yi haske sosai, tabarmi na yawo a kansa, an ɗora yara kan tebura. Titin da jiya yake gwiwa ya zama kogi mai gudu, launin kunun kanwa, yana jan robobi da itatuwa da matattun kaji. Mata suka fara salati da ƙarfi. Wasu samari suka ce su za su hau rufi. Wani mutum ya ɗauki 'yarsa zai faɗa ruwan shi kaɗai, aka riƙe shi.

Na hangi Hajja a bakin baranda, ruwa har ƙaurinta, tana kallon bangon da malamin ya yi ta zana. Babu layi ko ɗaya da ya rage a waje. Ta aika aka kira shi. Ina tsaye a bayanta da ƙaramin ɗana a hannu.

Ta ce, "Ɗana, ina ka ce mu je?"

Ya faɗa mata.

"Ta ina?"

Ya ce ba ta titi ba, don can ne ƙarfin ruwan. A bi ta lungun bayan masallaci, a manne da katangu, a kauce wa gefen hagu saboda kwatar da ke buɗe. Ya ce wuri ɗaya ne mai wuya, mahaɗar da ke gaban shagon mai walda, daga nan ƙasa za ta fara tashi.

Ta saurare shi kanta a sunkuye har ya gama. Sannan ta ce, "Tsaya kusa da ni. Kada ka yi magana."

Ta hau kan wani benci. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma da muryar ɗagawa, amma na baya suka yi ta cewa na gaba su yi shiru har wurin ya yi tsit. Ta ce, "Jama'a, mun ci, mun kwana, Allah ya tsare mu. Yanzu za mu tashi. Ba mai gudu, ba mai wuce wani. Wanda ya ɗauki kaya ya bar mutum, ni da shi ne." Ba ta ambaci jiya ba. Babu kuma wanda ya tuna mata.

Abin da malamin ya kasa yi da yamma guda, ita ta yi shi kafin rana ta ɗaga. Ta sa mata suka cire lafaya da zannuwan da suka ɗauko aka ƙuƙƙulla, aka haɗa da igiyar shanya, aka sami doguwar igiya. Dogayen maza a gaba tare da malamin. Yara a wuya. Masu jego a tsakiya, jarirai cikin manyan robobin wanka a ka. Tsofaffin da ba sa iya tafiya aka ciro ƙofofin azuzuwa aka ɗora su, samari suka ɗauka a kafaɗa. Ta ce a kwance awaki a bar su. Masu awakin suka kwance, wasu na hawaye. Ni ma na ajiye kan kekena a kan tebur na kama igiya.

Ruwan da sanyi, ga ƙarfi. A lungu ya kai mini ƙugu, a mahaɗar mai walda ya kai ƙirji. A nan na tarar da Hajja. Ta riga mu isa, ta rungume falwaya da hannu ɗaya, ruwa na dukan kafaɗarta saboda gajartarta. Duk wanda ya zo wucewa sai ta kira shi, wannan da sunan da kakarsa ke kiransa, waccan da tsokanar da aka yi mata ranar aurenta. Da na zo ta ce, "'Yar Kano, ku da ba ku san ruwa ba sai a randa, riƙe da kyau."

Tun jiya ake ta raɗe-raɗin macizai da kadoji sun fito suna yawo cikin gari. Muna tsakiyar mahaɗar wata mata a bayana ta ƙwalla ihu, ta ce wani abu ya taɓa mata ƙafa. Na ji igiyar ta karkace a hannuna. Mutane suka fara turereniya, wata roba mai jariri ta yi tangal-tangal a kan mai ɗauke da ita. Sai muryar nan ta Hajja, a dushe, ta ce, "In kada ne ku ce ya zo nan. Namana ya sha turare, ya fi naku daɗi."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka biye masa. Igiyar ta miƙe. Abin da ya taɓa matar buhun gawayi ne. Hajja ba ta saki falwayar ba sai da mutum na ƙarshe ya wuce, sannan wani saurayi ya goya ta ya fito da ita.

Mun isa tudun ba mu rasa kowa a hanya ba. Awaki sun tafi, hatsin da ya rage ya tafi, kekena ya kwana a ruwa har ya yi tsatsar da bai ƙara aiki ba. Sai kuma wani tsoho mai ɗinkin hula da ke gidan da ke kallon namu. Yana da ciwon ƙirji da ma. A mahaɗar ɗaya daga cikin samarin da ke ɗauke da shi ya zame, tsohon ya nutse har kai kafin a ciro shi. Ya isa yana kakkarwa, tari ya sarƙe shi, babu busassun kaya, babu asibitin da ake iya kaiwa a kwanakin. Bai yi mako ba ya cika, a wani aji na bene.

Da an tashi da yamman da malamin ya ce, da a keken haya za a kai tsohon, ko ƙafarsa ba za ta jiƙe ba. Wannan kowa ya sani. Amma ba shi ake faɗa ba. Abin da na ji mata na faɗa a wajen girki shi ne malamin nan bakinsa ba kyau, shi ya yi ta kiran ruwa har ya zo. Wasu kuma suka ce ba don Hajja ba da duk mun halaka a mahaɗa. Na biyun gaskiya ne, na gani da idona.

Mutum ɗaya ce ta faɗi ɗaya gaskiyar. 'Yar tsohon, mace mai 'ya'ya manya, mai sayar da ƙosai a bakin layi. Bayan an kai shi, mata na zaune ana karɓar gaisuwa a ajin, Hajja ta shigo ta durƙusa za ta yi ta'aziyya. Matar ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba, ta ce, "Ke kika ce mu zauna."

Wata tsohuwa ta fara cewa kwana ne ya ƙare, Hajja ta ɗaga mata hannu.

Ta ce, "Ni na ce."

Ba ta fita ba. Ta koma gefe ta zauna, kuma duk kwanakin zaman makokin ita ta riƙa dafa wa iyalin abinci. Matar na ci, amma ba ta ƙara gaishe ta ba. Mutanen layi laifin matar suka gani, suka ce ba ta da tawakkali, wasu har suka daina sayen ƙosanta na ɗan lokaci bayan mun koma.

A makarantar mai bene ba mu kaɗai ba ne, akwai mutanen unguwanni da yawa da ba su taɓa ganin Hajja ba. Ba a jima ba su ma suka shiga kawo mata ƙara. Idan masu taimako suka zo da abinci suka tambayi shugaban wurin, hannaye wajenta suke nunawa, ko da akwai alhazai da malamai a zaune. Inda aka saba turereniya har tire ya kife, ita takan tsaya kusa da tukunya kawai, layi ya miƙe.

Abu ɗaya ne na ga ya canza. Kafin ta yanke magana a kan wani abu mai nauyi, inda za a haƙa masai, ko wane ruwa za a sha, ko yaushe za a fara komawa gida, sai ta ce a kira mata ɗanta, wato malamin nan. Malamin ya zo ya tsuguna, ya yi bayaninsa yana i'ina, ita kanta a sunkuye. Wani lokaci ta yi masa tambaya, wani lokaci ta ce a'a, mutane ba za su ɗauki wannan ba, nemo wata hanya. Sannan ta fita ta faɗa da kalmominta. Sai ka ji ana cewa kai, Hajja akwai basira.

Na tambaye shi wata rana ko abin na damunsa. Ya ce, "Anti, in na faɗa ba a ji, in ta faɗa an ji. Ni dai a yi." Sannan ya ƙara da cewa abin da har yanzu yake tsaya masa a rai ba dariyar da aka yi masa ba ce, amsar da matarsa ta ba shi ce. Ya ce bai yi mata maganar ba, ba kuma zai yi ba.

Da ruwa ya janye muka koma muka tarar da taɓo har cikin ɗakuna, da warin da ya daɗe bai fita ba. Turaren Hajja duk ya lalace, itacen da ta daɗe tana jiƙawa da tarawa ya koma baƙin kwaɓi. Ta kwashe ta zubar, ta fara sabo da ɗan abin da 'ya'yanta suka kawo.

Labarinta ya bazu. Wata rana motoci suka tsaya a bakin layi, wasu 'yan siyasa suka zo neman ta zama shugabar mata. Ta yarda ta je taro ɗaya, muka raka ta. Babban zaure ne, da fitilu da lasifika. Aka kira ta kan dandamali aka miƙa mata makirfo. Daga inda nake zaune, wata 'yar tsohuwa kawai na gani can nesa, muryarta na fita a farfashe, Hausarta na karyewa, mutane na ta hirarsu suna danna waya. Wasu 'yan mata a bayana na kwaikwayon yadda take mayar da mace namiji suna ƙyaƙyatawa. Ta taƙaita ta sauko. A hanya ta ce mana, "Wurin da ba na ganin idon mutum, me zan gaya masa?" Ba ta ƙara zuwa ba, su ma ba su ƙara aikowa ba.

Na sami keken aro daga wajen ƙanwar maigida na ci gaba da ɗinki. Ranar da na kai wa Hajja wasu riguna da na gyara mata, na same ta ita kaɗai tana juya turare a kasko. Na zauna, muka gaisa da Kanuri, hira ta kai mu kan ruwa. Na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya: ranar da ta ce a zauna, ta tabbata ne ruwan ba zai hau ba?

Ta ci gaba da juyi. Ta ce, "Ban sani ba. Wa ya sani? Na duba na ga mutane sun ci sun natsu, duhu na zuwa. Na ce in na tayar da su yanzu za su watse, kowa ya kama gabansa, a rasa yara. Wata rana haka nake gaya wa kaina. Wata rana kuma sai in ce ƙila dai ba na son in yi nisa da gidana ne, daga baranda ina hango rufina. Allah ne ya san wanne ne."

Na ce, "A mahaɗa fa, Hajja, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Ƙafafuna rawa suke yi. A cikin ruwa suke, ba mai gani."

Ta ɗebi turaren kaɗan ta ƙulle mini a leda, ta ce in gaya wa mijina ta gaishe ta.

Tsayuwar da ta yi a ruwan ta bar mata ciwon gwiwa da ya ƙi jin magani. A hankali fita ta gagare ta. Babban ɗanta ya zo ya ɗauke ta ya mayar Dusuman inda matarsa za ta kula da ita, aka sa 'yan haya a gidan. Ranar tafiyarta layin ya cika, maza na ɗaukar kaya, mata na kuka. Mai ƙosai ba ta fito ba, amma ba ta kafa kasko ba ranar, ban san dalili ba.

Kafin damina ta gaba sai da aka yi maganar yashe kwatocin layi. Bulama ya kira taro, malamin ya yi bayanin inda ruwa ke toshewa. An saurare shi fiye da da, ba a yi dariya ba, amma ranar aikin mutane kaɗan ne suka fito da shebur. Sai ya koma bin gida-gida bayan ya taso daga makaranta, yana sallama, yana tsayawa a zaure yana i'inarsa har maigida ya gaji ya ce to, gobe zan turo yara. Wasu sun tura, wasu ba su tura ba. Mai ƙosai ta tura 'ya'yanta samari duka, ta kuma aika wa masu aiki da kunu. An ɗauki makonni ana yi, an yashe daga bakin titi har masallaci. Sashen da ke bayan shagon mai walda ba a kai gare shi ba har ruwan farko ya sauka, ya kwanta a wurin kwana da kwanaki, sauro ya dame mu. Malamin ya ce baɗi daga can za a fara.